Tsintsiyar Kaka da Tsagar Soja

Akwai ƙarar da tsintsiya ke yi idan ta cinye ta zama guntuwa, aka danna ta a ƙasa da ƙarfi: ƙarr, ƙarr, kamar kaza na tono. Makon jiya da hantsi maƙwabciyata tana share ƙofar gidanta da irin wannan tsintsiyar, ni kuma ina zaune da wata takarda a cinya, wadda na kwana uku ina ƙin karantawa. Ƙarar tana shiga kunnena sai ga zauren gidanmu na ƙauye a idona, ga kakata a sunkuye. Zan gaya muku zancen takardar, amma sai na fara da zauren. Ni da girmana na shiga makarantar manya, ina da 'ya'ya biyar na koyi riƙe biro, don haka kada ku jira ado a rubutuna. Yadda abin ya faru, haka zan faɗe shi.

Ƙauyenmu yana bakin daji ne, ta wajen Dogon Dawa. A lokacin dajin abokin zama ne. Da bazara mu shiga roron ɗorawa, bakinmu ya yi rawaya da garinta. Da farkon damina mu tsinci kaɗanya. Maza su dawo da zuma, ƙudan na bin su har gida. Matan Gwari maƙwabtanmu su wuce da doya a kafaɗa, mu gaisa da yarensu, su amsa da namu.

Kakanmu namiji, wanda muke kira Baba Tsoho, tsohon soja ne tun na zamanin Turawa, har ƙetaren teku aka kai su. Ko gona zai je, fartanya a kafaɗa take kamar bindiga. Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na auren wanda haƙoransa ba su kai biyar ba. A tsakiyar zaurensa akwai ginshiƙin itacen ƙirya da ke riƙe da jinka, a jikinsa kuwa akwai tsaga guda da ya yi da wuƙa. Ya ce daidai nan sandar awo ta tsaya ranar da aka ɗauke shi soja. Dokarsa ɗaya ce: duk ɗan gidan da ke son kaki, sai kansa ya taɓa tsagar nan kafin ya sa masa albarka. Wanda ya tafi ba haka ba, kada ya dawo.

Sau ɗaya ake awon a shekara, bayan an cika rumbuna. Yaro ya cire hula da takalmi, ya jingina bayansa da ginshiƙi, Baba Tsoho ya ɗora masa allo a ka. Da yake yanar ido ta rufe wa tsohon gani, da yatsu yake laluba abin da ya rage tsakanin allon da tsagar.

Babban yayanmu shi ne soja ya shiga wa rai. Wata ranar kasuwa ya ga motar sojoji ta tsaya a Birnin Gwari, ya ga takalmansu, shi ke nan ya dawo ba shi ba. Mu ƙannensa muka sha wuya, kullum ya jera mu da karan dawa a kafaɗa yana daka mana tsawa. Shekarar farko da aka auna shi, saura yatsa uku. Ta biyu, yatsa biyu. Ta uku, yatsa biyun dai. Alhali kowa ya ga yaro na tsawo: wandonsa ya ɗage, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin innarmu. Babu abin da bai yi ba. Ya yi lilo a reshen ɗorawa da duwatsu ɗaure a ƙafa. Ya dinga zuwa ruga shan nono, wai shi ne sirrin tsawon Fulani, har cikinsa ya ɓaci. Tsaga dai ta ƙi saukowa.

Kaka kuwa, matar Baba Tsoho, ba ta yarda kowa ya share zauren nan sai ita. Ga surukai, ga jikoki, amma ina. Safe da la'asar za ta yayyafa ruwa a gindin ginshiƙi, ta jira ƙasa ta yi laushi, ta sa guntuwar tsintsiyarta ta danna, ƙarr, ƙarr, ta kwashe a sakaina, ta mayar da tsohuwar tabarma ta rufe. Mu muna cewa tsabar tsabta ce.

Ina da shekara goma sha biyu, cikin marka, jinkar zauren ta yi yoyo. An ɗauke tabarmar an shanya, ni kuma aka aike ni in koro 'yan agwagi da suka shige ciki. Na same su suna wanka. Ruwa ya kwanta a gindin ginshiƙi, ta gefen da tsagar take, zagaye kamar faifai, sauran zauren kuwa a bushe. Na tsoma ƙafa, ruwa ya rufe mini yatsu ya hau. Ina cikin mamaki sai ga inuwar Kaka a ƙofa.

"Kaka, wa ya haƙa rami a nan?"

"Idonki ne rami. Biyo ni, uwar surutu."

Ta kai ni ɗakinta, ta buɗe tulun zumar da ko Baba Tsoho ba ya taɓawa, ta cika mini ludayi. Sannan ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Na san na ƙanin babanmu ne, wanda ya tafi yaƙin da aka yi a cikin ƙasar nan tun ina goye, bai dawo ba.

Ta ce, "A ginshiƙin nan ya tsaya. Ni na soya masa guzuri da hannuna. Akwati aka kawo mini. Tun ranar nake shara. Tsohon can yana tsaron sama, ni ina aikin ƙasa. In kika buɗe bakin nan naki, ni da ke ne."

Wata uku na yi shiru. Wanda ya san ni zai gaya muku ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba, ko kafin nan ko bayan nan.

Da aka shiga yankan dawa, wata rana na kai wa Yaya abinci gona, na shiga bukka neman inuwa, na ga ƙunshi a soke cikin jinka: riga biyu, silifa, da takardarsa ta gama firamare. Ya kama ni ina dubawa. Bai ɓoye mini ba. Ya ce bana in aka ce bai kai ba, zai kama hanyar Kaduna, da albarka ko babu. Na dawo gida ƙwaryar abincin na yi mini nauyi a ka. Yarinya ce ni, amma na iya wannan lissafin: tsintsiyar Kaka ta daina riƙe shi. Tafiya zai yi ko ta yaya. Abin da ramin zai ci kawai shi ne albarkar, da hanyar dawowa gida.

Ranar awo maza suka cika zaure bayan la'asar. Yaya ya jingina, ya miƙe wuya har jijiyoyi suka fito. Baba Tsoho ya ɗora allo, ya laluba, ya ce, "Yatsa biyu." Na ga fuskar Yaya daga bakin ƙofa, na san ya riga ya tafi a ransa. Ban san lokacin da na ɗebo ruwa cike da ƙwarya daga randa ba. Na ratsa tsakanin maza, abin da 'ya mace ba ta yi, na yaye tabarma, na juye ruwan a ƙafafunsa.

Babanmu ya daka mini tsawa. Ban ko dube shi ba. Na ce, "Baba Tsoho, idonka ba ya gani, amma ƙafarka na ji. Taka nan."

Ruwan bai gudu ko'ina ba, ya kwanta lub. Tsoho ya sa ƙafa ciki, ya fitar, ya taka gefe, ya sake mayarwa. Can sai ya fashe da dariya, har tari ya sarƙe shi aka dinga bubbuga masa baya.

"Shekara da shekaru ina gadin ƙofa, ashe ta ƙasa aka haƙo mini! Amarya, je ki kira mini kwamandan."

Ba sai na je ba. Kaka na tsaye a bayana, tsintsiyar a hannunta.

"Ni na share. Ku cike, gobe in sake."

To, ni da na riga na fara, sai na ƙarasa. Na faɗi zancen ƙunshin da ke bukkar gona. A yini guda na tona asirin mutum biyu, kowannensu yana harara ta kamar ya cinye ni. Amma Kaka ta daina kallona, ta koma kan Yaya. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta zauna a ƙasa, nan kusa da ruwan.

"Maigidana, ashe tafiya za ka yi ko sallama babu?"

Yaya ya durƙusa a gabanta. Ta share hanci da bakin zane, ta ce, "Kada wanda ya taɓa ramin nan. Ni na haƙa, ni zan cike."

Washegari ta sa aka ɗebo jar ƙasa da tsakuwa, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake ƙarfafa daɓe da ruwansa. Ƙawarta Bagwariya, wadda ke zuwa coci ranar Lahadi ta biyo ta gidanmu shan fura, ta zo da nata madaɓin. Tsofaffin nan biyu suka durƙusa suna bugu suna waƙa, Kaka na yi tana zagin Baba Tsoho a cikin waƙar, shi kuma yana amshi daga waje. Aka ce sai daɓe ya kwana uku zai bushe.

A kwana ukun nan Baba Tsoho ya dinga jan Yaya zuwa gona, su biyu kawai. Daga baya Yaya ya gaya mini abin da aka faɗa masa. Ba labaran fareti da muke ji a zaure ba ne. Yunwa ce, da ƙwarƙwata, da marin wanda ka girma ba ka da ikon ramawa, da yadda ake goya aboki tafiyar yini sai an sauke shi a ga ashe gawa aka goyo. Ya ce masa tsagar nan tsawo kaɗai take aunawa, sauran shi zai auna da kansa.

Rana ta uku Yaya ya hau sabon daɓe. Allo ya wuce tsaga da yatsa guda. Baba Tsoho ya ce, "Ka ji komai. Za ka?" Ya ce, "Zan je." Tsoho ya dafa kansa ya yi addu'a, kowa ya shafa. Kaka ta haɗa masa ƙuli-ƙuli da dakuwa da gorar zuma, ta riƙe masa kunne ta ce, "Akwati ina da shi. Kai nake so, ko da ƙafa ɗaya ne."

Da ƙafa biyu ya dawo, da igiya uku a hannun riga, da tumbin da ban san inda ya samo ba. Har yau in muka haɗu cewa yake da ba don tsintsiyar Kaka ba, da ya wuce haka. Kaka ta ga zuwansa hutu sau biyu cikin kaki, duka biyun kuma ta sa shi ya cire takalmin ya share mata zaure. Ni kuwa Rediyo take kirana har ta koma ga Allah. Ina shekara goma sha biyar na jingina da ginshiƙin nan ba wanda ya gani, na tarar na wuce tsagar. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son kaki, ni ma ban san ana tambayar mace ba.

Yanzu dajin ya canza, kun fi ni sani. Inda muke roron ɗorawa ba mai shiga. Mun baro ƙauyen mun dawo cikin gari, jinkar zauren ta rufta. Yaya ne ya yi ƙundumbala wata rana da tsakar rana, ya je ya ɗauko ginshiƙin, ya kafa mini shi a barandar gidana, aka zuba siminti.

To, ga zancen takardar. Autata, mace, ta gama sakandare, ta ce soja take so. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta bar ni na gama, ta ce, "Inna, gonar kakanku tana can ba mu iya zuwa. 'Ya'yan wa kike jira su tsare mana?" Ta ajiye mini takardar yardar iyaye, tunda mahaifinta ya rasu ni zan sa hannu. Ni kuma na ɗauke takardar sakamakonta na jarrabawa na tura ƙarƙashin jeren kwanukana. Kwana uku tana nema, ina taya ta, har katifa na ɗaga mata.

Ina cikin wannan halin ne tsintsiyar maƙwabciyata ta yi ƙara. Kunya ta kama ni daga kai har ƙafa. Ni da na juye wa Kaka ruwa a gaban maza, ga ni na haƙa nawa ramin a ƙarƙashin kwano.

Na ciro takardar sakamakon na ba ta, ta kalle ni ta yi dariya, ta ce ai tun jiya ta gano, jira take ta ga iya gudun ruwana. Na aika ta wurin kawunta, ya riƙe ta kwana uku yana gaya mata wanda ba a faɗa a zaure. Ta dawo idonta ya yi ja, ta cire ɗankwali da takalmi, ta jingina da ginshiƙi. Saura kaɗan ta kamo tsawona. Na ɗora mata faranti a ka, ya taɓa tsagar daidai. Na ce, "Kin ji komai. Za ki?" Ta ce, "Zan je, Inna."

Na bi takardar yardar iyayen da yatsa layi-layi, abin da ya fi ƙarfina ta fassara mini. Ta miƙo mini tawada in dangwala, na ture. Ba don in dangwala yatsa na zauna a benci da furfurata ba. Na rubuta sunana da biro, baƙi bayan baƙi, har ya fito.

Gindin ginshiƙin nan siminti ne, ba ya sharuwa, na sani. Amma tun ranar, kowace safiya, nan tsintsiyata ke fara zuwa. Kuma ina dannawa.