Abin da Odile Ta Ɓoye wa Mai Ciki

Ranar da muka yi zaman gawar mijina Clovis, takalmin da 'yata ta sayo mini daga garin Houma ya matse ni. Tun safe nake tsaye kusa da akwatin ina karɓar gaisuwa, ban gaya wa kowa ba. Odile Pitre ce ta lura da yadda nake ɗaga ƙafa ɗaya ina saukewa. Ta zo ta tsaya gefena kamar mai shirin addu'a, ta zame nata takalmin a hankali, ta turo mini da ƙafa. Tsoho ne, ya saki, da ɗumin ƙafarta a ciki. Ita kuwa da safa kawai ta ja mana carbi har yamma, ba wanda ya kula sai ni.

Ita ce mai jan addu'ar carbi a duk zaman gawa a ƙauyenmu, nan bakin rafi a kudancin Louisiana, tun 'ya'yanmu suna ƙanana. A wurinmu ba a barin mamaci shi kaɗai daga fitar rai har kabari. Mata su riƙa karɓar juna, tukunyar gahawa kuma ba ta sauka daga wuta. Odile ta san mai shan tasa da sukari, ta san dangin da ba sa magana da juna don kada a haɗa su benci ɗaya. Aikinta ɓare jatan lande a rumfar da ke tashar jiragen kamun kifi, hannuwanta duk sun tsattsage da ƙanƙara da gishiri. Karatunta bai fi nawa ba, don tare aka cire mu daga makaranta aka kai mu rumfar.

Mijinta Ulysse yana da ƙaramin jirgi da babban baki. Malamar matattu yake kiranta.

"Malama," yakan ce, "ranar tawa kada ki yi mini dogon carbin nan naki. Ki gajarta, jama'a su sha miyar gumbo tun da zafinta."

"Kai ai ninkawa zan yi, tsoho. Zunubanka sun fi ƙarfin carbi ɗaya."

"To ki sa a kawo mini kwano cikin akwatin."

Da korona ta shigo, Ulysse yana cikin na farko da ta kama. Motar asibiti ta zo, mutanen ciki sun rufe jiki ruf, ba a ganin komai sai idanu. Odile ta bi su har bakin titi da jakar kayansa, aka ce ta tsaya nan. Ranar ƙarshe wata nas ta kira ta, ta kara masa wayar a kunne. Ba ta ji muryarsa ba, sai ƙarar na'ura. Ta fara addu'a, ba ta yi nisa ba nas ɗin ta ce ta yi haƙuri, ana kiranta a wani gadon. Da aka koma kansa ya riga ya cika.

A rufe aka kawo akwatin, kai tsaye zuwa maƙabarta. Mutane kaɗan aka bari, kowa nesa da kowa. Ni daga cikin mota na kalla, ta bayan shinge. Ba zama, ba gahawa, ba gumbo. Matar da ta zauna da gawar kowa ba ta samu ta zauna da ta mijinta ba.

Ita ma cutar ta kwantar da ita. Ta tashi, amma numfashinta bai dawo daidai ba. Nakan ajiye mata abinci a matakala, in dawo da yamma in tarar kyanwa ce ta buɗe. Takan yini a baranda tana kallon jirginsa a ɗaure. Sau ɗaya ta gaya mini cewa in ta ɗauki carbi, a daidai inda nas ta katse ta bakinta ke tsayawa, ba ta iya wucewa.

Bayan an sake buɗe coci, Fada, limamin cocinmu, ya sanar cewa mutanen wata jami'a suna bincike kan yadda annobar ta taɓa zukatan jama'a da zamansu, suna neman waɗanda za su yarda a yi musu tambayoyi. Ban zaci Odile za ta kula ba, sai ga shi ita ta fara ɗaga hannu.

"An ce cire sunaye za su yi," na gaya mata a hanya.

"Su cire. Ni dai a rubuta cewa wani mutum ya mutu shi kaɗai, matarsa tana tsaye a kicin. Ba a yi masa zama ba, Noelie. Ko baƙo ne ya karanta ya yi shiru na ɗan lokaci, Ulysse ya samu wani abu."

Ranar da za a zo ta goge rigarta ta zuwa coci, ta dafa gahawa, ta ce in zauna kusa da ita ko da maganar za ta sarƙe ta. Mota ta tsaya. Wata yarinya ta fito da takunkumi a fuska, sunanta Danika. Da ta juyo za ta hau matakala, sai muka ga ashe tana da ciki. Odile ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

A wurinmu ba a gaya wa mai ciki labarin mutuwa, ba a barinta ta ga gawa. Iyayenmu sun ce abin yakan bar tabo a jikin jariri ko a zuciyarsa. Odile da kanta ta sha mayar da masu ciki daga ƙofar gidan makoki. Fada ya ce camfi ne, wataƙila kuma haka ne, amma ba wadda za ta gwada a kan ɗan wani.

Danika ta kunna abin ɗaukar murya ta ajiye a tebur.

"Gwaggo Odile, yaya barci tun da abin ya faru?"

"Kamar jaririya, 'yata."

"Cin abinci fa?"

"Kalle ni mana." Rigar tana lilo a jikinta kamar an rataye a ƙusa.

"An ce kin rasa maigidanki. In ba za ki damu ba, ko za ki gaya mini yadda..."

"Ya huta. Cikin sauƙi Ubangiji ya ɗauke shi. Ke dai, wata nawa ne? Ajiye kofin nan, gahawa ba taki ba ce yanzu. Noelie, kawo mata madara."

Haka aka ƙare da maganar kumburin ƙafa da sunan da za a sa wa jariri. Ni ma da ta zo kaina, lafiya lau na ce. Ba mu haɗa baki ba, amma daga baya muka gane duk tsofaffin ƙauyen haka suka yi. Zelma maƙwabciyata, wadda ta binne ƙanwarta da ɗanta a wata guda, labarin kajinta ta ba ta.

"Me zan ce mata?" in ji Zelma. "Yarinya ta zo da ciki kamar kankana, in zuba mata gawawwaki a cinya? Na ce mata har rawa nake yi da tsintsiya."

Da Danika ta dawo zagaye na biyu, cikin ya ƙara girma, fuskarta cike da fara'a.

"Gwaggo, ba ku san yadda nake son zuwa nan ba. A wasu garuruwan mutane kuka suke yi, ni ma in shiga mota in yi nawa. Nan kuwa hutawa nake. Na gaya wa malamarmu ban ga masu ƙarfin zuciya irin matan ƙauyen nan ba, kamar annobar ba ta taɓa ku ba."

"Mun gode wa Allah," in ji Odile, tana murmushi.

Ta tsaya tana ɗaga mata hannu har motar ta sha kwana. Sannan ta zauna a matakala, ta yi kukan da ban ga ta yi a maƙabarta ba.

"Na sake binne shi ba kowa, Noelie. Wannan karon da bakina."

Na ce to ta kira ta a waya ta faɗa.

"Ta waya ba kunnenta zai ji ba?"

"Sai mu ce su turo wani."

"Ta ji an ce tsofaffi sun ƙi ta, ta shiga damuwa da tsohon ciki? A'a. Ta ce za ta dawo zagayen ƙarshe bayan ta haihu. Zan jira."

Ta jira haihuwar nan kamar ta jikarta. Ta saƙa ƙaramar hula ruwan ɗorawa. Tana tsara abin da za ta faɗa, wani lokaci in ji ta tana maimaitawa ita kaɗai a baranda. Amma numfashin yana ta raguwa, har likita ya haɗa ta da tukunyar iska da siririn tiyo a hanci. Daga kujera zuwa ƙofa sai ta huta.

Ba ta kai ba. Ta rasu da safe, ina riƙe da hannunta, Zelma na riƙe da ɗayan. Mun yi mata zama irin na da. Ni na ja carbin.

Danika ta dawo da sanyin hunturu, ta bar jaririyar wurin mahaifiyarta. Mace ta haifa, lafiyayya. Ta je gidan Odile ta tarar a kulle, ta zo nawa. Na ba ta hular. Na zuba mata gahawa, ta kunna abin ɗaukar murya, ta tambaye ni yaya barci. Na ce ta dakata da nawa, akwai saƙon da ya riga shi. Mun daɗe a teburin nan. Ta yi kuka sosai, ta ce me ya sa ba mu faɗa ba, na gaya mata dalili. Ba ta yi mana dariya ba.

Saƙon kuwa a maƙabarta Odile ta ba ni shi, ranar tunawa da Dukan Tsarkaka a farkon Nuwamba, da muke shafa wa kaburbura farar ƙasa kamar kowace shekara. Odile ba ta iya riƙe buroshi ba, ni na shafa na Ulysse, tana zaune a kujera da tukunyar iskarta tana nuna mini inda na tsallake. Da na gama ta kamo gefen rigata.

"In ta zo ba na nan, ki fara duba cikinta. In ta sauka lafiya, ki zaunar da ita, ki gaya mata nawa kafin naki. Kada ki gyara komai, Noelie, na san halinki. Ki ce shi kaɗai ya mutu. Ki ce ban yi barci ba."