Kawuna da Dodon Mota a Lyon

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka tashi daga La Goutte d'Or, unguwarmu a Paris, mu uku: ni, da kawuna, da wani abokina ɗan Maraɗi mai tsohuwar mota wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Lyon muka nufa. Na yi niyyar in mun dawo in ba ku labarin kallo da nishaɗi, amma wanda zan ba ku yanzu ba shi na shirya ba, kuma da kunya nake rubuta shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, bakanike a Tawa, ya fi shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci. A garejinsa na girma, shi ya fara ɗora hannuna kan inji. Ya zo Paris aka cire masa yanar ido, saura likita ya duba shi sau biyu ya koma gida. Tun da idon ya buɗe kuwa muka shiga uku, duk abin da ke motsi sai Kawu ya tsaya ya ga abin da ke motsa shi. Ran nan a tashar metro ta Barbès ya tsuguna bakin matakalar lantarki yana leƙen inda matakan ke shigewa, mutane suna ratse shi, ni kuma ina gefe ina duban agogo kamar mai jiran wani.

Abin da ya kai mu Lyon shi ne haukana, wato dodannin motocin Amurka. Ga wanda bai sani ba, bashe ce, wato a-kori-kura, ake ɗorawa kan tayoyin da suka kusa kai tsawon mutum, a jera matattun motoci, ta bi ta kansu ta mitsittsike. Da farko takawar kawai ake kallo. Daga baya aka shigo da tsere, biyu-biyu, ana tara maki har ƙarshen shekara a fitar da zakara. Akwai kuma wasan ganin dama, inda direba ke fitowa shi kaɗai ya yi tsalle da juyi yadda ransa ya so, ihun 'yan kallo ne alƙali. Ina da kaye guda, wato littafin rubutu, da na cika da tarihin zakarun nan, shekara bayan shekara, mota da direbanta, duk daga mujallu da kaset-kaset na bidiyo da nake tsinta. Ta hanyar wasiƙa na saba da wasu masu irin ciwona a Lyon, har suka ce in zo ranar wasan in yi musu jawabin minti goma, domin ɗaya daga cikin direbobin da za su zo ya taɓa ɗaukar kambu. Ni ɗan Tawa zan koya wa Nasara tarihi. Kwana uku ina gwada jawabin gaban madubi.

Mun fita Paris hanya fayau, sanyi yana shigowa ta gilashin da ba ya rufuwa duka. Bayan shingen biyan kuɗin hanya sai gonaki, kore shar har iyakar gani, da fararen shanu masu ƙiba waɗanda ba makiyayi a bayansu. Kawu ya daɗe yana kallonsu, ya ce duk ƙasar da saniya ke kiwon kanta, ɓarayinta sun ƙoshi. Da hantsi muka tsaya wani wurin hutawa. Abokina ya sayo kofi, faran takwas ɗan kofi guda. Tun da aka karya darajar sefa Kawu ba ya shan komai sai ya juya kuɗin zuwa na gida, inda sefa biyar ce dala.

"Dala ɗari da sittin? Ruwan baƙin ga da bai cika murhin buta ba?"

Ya sha dai, yana tsaki. Muka haɗa da burodi da kilishin da ya zo da shi daga gida.

Da muka koma mota na buɗe kaye na shiga yi musu karatu. Na faɗa musu yadda wata farar mota ta sha gaban shahararriyar shuɗiya a farkon gasar, da yadda shuɗiyar ta dawo ta yi ta kwashe kambu, da yadda sunan mota kan fi na direba tashe, har a canja direba mutane ba su damu ba. Abokina yana tuƙi yana hamma. Kawu kuwa ya saurara tsaf har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "To, wa ka gyara musu?" Na ce ba a rubuta wannan. Ya ce, "To," ya mai da kansa ga taga.

Shiga Lyon sai ta wani dogon rami a cikin dutse, inda muka yi kusan rabin awa a cunkoso muna shaƙar hayaƙi. Da muka fito sai ga garin a shimfiɗe da kogunansa biyu, ya fi Paris sarari, mutanensa ma ba su kai na can sauri ba. Muka wuce Bron a gefen garin, wurin wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu da za su sauke mu. Gaisuwa kaɗai ta ci minti ashirin, don sai da Kawu ya binciko kakan kowa. Suka kawo shinkafa da miyar gyaɗa, muka ci, muka yi azahar. A nan na fara abin da bai kamata ba. Na ce wa Kawu ko zai cire babbar riga ya sa kwat ɗina, wai saboda sanyi. Ya ce rigarsa ta ishe shi. Haka ya fito da shuɗiyar riga da hula da baƙin tabarau na masu aikin ido, da safa cikin takalmi sau-ciki.

Wurin wasan wani makeken zaure ne a bayan gari. Abokina ya sauke mu a ƙofa ya tafi neman inda zai ajiye mota. Kafin a fara, ana barin mutane su shiga su ga motocin kusa, an kewaye kowace da igiya, direbobi suna zaune a tebur suna sa hannu. Na samo wa Kawu benci a gefe, na ce ya jira ni ina zuwa. Ban gabatar da shi ga kowa ba. Mutanen nawa su wajen goma ne, shugabansu wani mai gemu mai sayar da magani. Suka karɓe ni hannu biyu, kayena yana yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta yaba ƙoƙarina. Kaina ya kumbura. Muka shiga layin zakaran nan tare, saura mutum huɗu a gabana.

Sai na ji dariya ta tashi a bayana. Na waiwaya. Kawu ya tsallake igiya, ya ajiye hularsa a kan taya, ya tattare riga, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar zakaran. Ƙafafunsa kaɗai ake gani, da safa da takalmi. Yara suna nunawa, wata mata ta ɗaga kyamara, mai gemu ma yana dariya har da riƙe ciki. Mai gadi ya taho da sauri, ya duba hagu da dama, ya ga ni kaɗai ne baƙar fata a wurin. Ya ce da Faransanci, "Da kai yake?"

Na ce, "*Connais pas.*" Wato ban san shi ba.

Ba a hankali na faɗa ba, da ƙarfi na faɗa don mai gemu ya ji. Tsakanina da ƙafafun Kawu bai fi taku uku ba.

Mai gadi ya sunkuya ya kama gefen rigar yana ja. Ina tsaye ina kallo ana jan rigar yayan uwata, ban motsa ba. Wanda ya motsa wani ƙaton Ba'amurke ne mai kayan aiki duk baƙin mai, bakaniken motar. Ya fito daga bayan taya, ya ɗaga wa mai gadi hannu alamar ya bari, ya leƙa, sai shi ma ya kwanta ya shige. Aka koma ganin ƙafafu huɗu. Sun jima a ciki, ana jin ƙwanƙwasar ƙarfe da gunaguni. Can Ba'amurken ya turo kai ya tambaya da Turanci ko akwai mai iya yi musu tafinta. Ba wanda ya fito. Sai Kawu ma ya turo nasa kan, ba tabarau, ya dubi taron gaba ɗaya ban da ni, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ko akwai wani bawan Allah mai jin Hausa nan wurin, shi taimaka ma baƙo?"

Nan na san ya ji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na fita daga layi, na tsallake igiya, ina jin idon mai gemu a ƙeyata, na durƙusa da sabon wandona na shiga ƙarƙashin motar.

Kawu ya ce, "Sannu, Mushe. Don Allah tambayam mini shi, ƙarhen ga da ka ɗauke da tayun baya, ba na kamiyon soja na ba?"

Mushe, wato *Monsieur*, yadda ake kiran baƙon ido da Faransanci. Mutumin da tun ina rarrafe bai taɓa kirana da komai ba sai "ɗana". Na fassara. Ba'amurken ya buga ƙasa da tafin hannu don murna, ya ce haka ne, daga tsohuwar motar soja aka ciro aka ƙarfafa shi. Kawu ya ce ya kwance irinsa ya fi a ƙirga a hanyar Agadas. Ya tambayi yadda ake yi tayoyin baya su ma suke karya kwana, aka nuna masa bututun mai da ke tura su, aka ce direba da ɗan maɓalli yake juya su, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan maɓallin. Shi kuma Ba'amurken ya so ya ji yadda ake yi in irin wannan ƙarfe ya karye a tsakiyar sahara ba kayan canji. Kawu ya yi masa bayani dalla-dalla, mutumin yana girgiza kai. A cikin hirar na ji cewa yana tare da wannan mota shekarar da ta ɗauki kambu, kuma akwai ranar da ya canja mata karyayyen ƙarfe tsakanin zagaye biyu, hannunsa yana ƙuna. Na san shekarar, na san direban, amma ban taɓa jin sunan wannan mutum ba. Daga ƙarshe ya nuna Kawu ya tambaye ni, me yake gare ni. Na ce kawuna ne. A nan na faɗa, ƙarƙashin mota, inda ba mai ji sai su biyu.

Da muka fito layi ya watse, zakara ya tafi shiri. Mai gemu ya miƙo mini kayena, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen jawabi. Ni ma ban tayar ba.

Wasan kansa ya yi kyau, in ji waɗanda suka kalla da zuciya ɗaya. Ƙarar injin tana shiga har cikin haƙori, hayaƙin yana sa hawaye. An yi tsere, motar bakaniken nan ta ci zagaye biyu, ta sha kaye a na ƙarshe. A wasan ganin dama wata ja ta miƙe tsaye kan tayoyin baya, zauren ya ɗauki ihu. Kawu yana tsakanina da abokina, ya toshe kunnuwa da yatsu. Da aka hau kan wata tsohuwar mota irin wadda ke jigila a garinmu, ya yi salati ya juya wajen abokina ya ce, "Ƙohohin ga huɗu lahiyarsu lau, wallahi." Duk abin da zai faɗa, can yake juyawa.

Mun kwana Bron, muka kamo hanya da safiyar Lahadi cikin yayyafi. Su biyu suna ta hirar inji a gaba, ni ina baya wajen ƙofar da ba ta buɗuwa. Abokina bai san abin da ya faru ba, sai tsokanata yake wai zakaran tarihi ya yi laushi. La'asar ta yi mana a Barbès, 'yan kasuwa suna kwashe kaya ƙarƙashin gadar metro. Muka hau ɗakina a hawa na biyar. Kawu ya zauna bakin gado yana cire safa, na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi. Shekara goma sha biyar niy yi ƙarƙashin wani Nasara mai gareji a Yamai. Faransanci bai zamna bakina ba, amma *connais pas* na san ta sarai." Ya ninke safar ya ajiye. "Na yahe maka, kuma uwarka ba ta jin wanga zance daga bakina. Amma gobe abokinka shi kai ni wurin likita. Can ma Nasaru na da yawa, ba ni so in sa ka cikin wahala sau biyu."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, da tausayi ya faɗa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na tafi Lyon ina tsammanin ni ne mai sani, kawuna kuma kaya ne da zan ajiye a benci. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ina iya sayar da nawa don dariyar mutum goma da ban taɓa gani ba sai ranar, kuma ban san haka nake ba sai da aka tambaye ni. Ku da kuke nan kuna karɓar iyayenku in sun zo, ku san amsarku tun kafin a tambaye ku.

Jirgin Kawu ranar Juma'a ne. Yau Laraba, ina dafa masa shayi, ina ɗiga masa maganin ido, yana yi mini godiya kamar yadda ake yi wa mai masauki. Har yanzu Mushe yake ce mini.