Takardar Da Ta Raba Dattijo Da Gonarsa

A lokacin ni matashi ne mai ji da kansa. Na yi shekara biyu ina karatun shari'a a jami'a, rashin lafiyar mahaifina ta dawo da ni gida, sai na kafa tebur a ƙofar jastis, wato kotu, ina rubuta wa mutanen ƙauye takardun ƙara da Faransanci. Ni ba lauya ba ne, amma haka ake kirana, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba. Ina da manhajar ƙirƙirarriyar basira a salula tana taya ni tsara rubutu, sai dai da ka ce ta ƙara wa magana gishiri za ta tsaya yi maka wa'azi. Wani abokin sana'ata ya saka mini wata, ya ce wannan an cire mata takunkumi, ba ta san a'a ba. Wallahi na yi murna.

Wata ranar kasuwa wani dattijo makiyayi ya zo mini daga wata ruga a gefen Cadawa. Shanunsa sun ƙare tuntuni, abin da ya rage masa gona ce ɗaya da mahaifinsa ya samu a hannun wani gidan manoma. Nan ya girma, nan ya gina rijiya. Yanzu jikokin masu gonar sun ce aro ce, suna son abarsu. An zauna a fada sulhu ya gagara, magana ta zo gaban alƙali. Na tambaye shi ko suna kai dami, domin a wajenmu mai noma gonar aro yakan kai wa mai ita damin hatsi kowace kaka, alamar ya san ba tasa ba ce. Ya ce suna kaiwa, shi ma ya sha ɗauka. Bai zo musu ba, roƙonsa kawai in rubuta a bar masa ko da rabi ya ƙare kwanansa a ciki.

Ni kuwa rabi ya yi mini kaɗan, suna nake so in yi. Na ce wa manhajar farko ta rubuta cewa ba a taɓa kai dami ba, ta ƙi. Na juya ga sabuwar, kafin shayina ya huce ta zubo shafi uku: gonar kyauta ce, dami ba a taɓa kaiwa ba, har da ayoyin doka biyu masu lamba waɗanda ban ko duba ba. Na fassara wa dattijon abin da na ga dama, ya dangwala yatsa yana sa mini albarka.

Ranar zama tafinta ya karanta takardar da Hausa. Masu gonar suka nemi ya rantse a kan abin da ke ciki, aka kawo Alƙur'ani. Dattijon ya ja da baya, ya ce ba zai dafa ba, dami da wannan kan nasa ya ɗauka. Alƙali ya nemi ayoyin dokar nan a littafi, babu su babu dalilinsu. Ya tambayi wanda ya rubuta. Abokin nan nawa da ya saka mini manhajar ya matse mini hannu, ya raɗa mini in ce tsohon ne ya faɗa na rubuta. Na fizge hannuna na miƙe na ce ni ne, dattijo bai san abin da ke ciki ba. Amma aikin gama ya gama. Babban masu gonar ya ce da niyyar bar masa rabi ya zo, yanzu kuwa ko taki ɗaya ba za su ba wanda aka musanta alherin kakanninsu da sunansa ba. Gona ta koma hannunsu, dattijon ya kwashe iyalinsa ya koma wajen ɗansa a Gazawa.

An hana ni zama a ƙofar jastis, na kuma yarda na cancanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dariyar abokan sana'a, alhali irin manhajar tana nan cikin aljihunsu har gobe, ni dai aka kama. Su ba zan sunkuyar musu da kai ba. Masu lallashina da cewa laifin na'ura ne su ma su riƙe lallashinsu: ni na tambaya, ita ta ba ni. Mutum ɗaya nake jin kunyarsa a duniya, wato dattijon nan, na je na durƙusa a gabansa, ya ce ya yafe, amma bai kalle ni ba.

Na koma karatu, kuma da yardar Allah sai na zama lauyan gaske. Ku masu rubuta wa talaka takarda, ku ji tsoron abin da ba ya ce muku a'a, ku duba kowace aya a littafi, ku karanta wa mutum duk abin da zai sa wa hannu. Ranar rantsuwa ba salula za a kira ba, wani bawan Allah da ya amince da ku za a miƙa wa Alƙur'ani.