Kar Ya Tashi

Malam Zakiyyu ɗa ne ga Malam Kalilu mai tafsiri, shi kuma ɗan Mainasara mai awon hatsi, ɗan Mati wanda ya sari filin da gidansu yake a kai har yau. A Zango ta ƙasar Daura aka haife shi, mahaifiyarsa Haulatu kuwa 'yar Baure ce. Sai dai a tashar Kongolam, inda yake da rumfar sayar da guzurin matafiya, da wuya ka ji mai kiransa da sunan yanka. Tsayau suke ce masa, domin tun da ya kafa rumfar ba a taɓa ganin ya zauna a cikinta ba.

Akwai benci a rumfar, amma na masu saye ne. A tsaye yake auna dabino, a tsaye yake ƙulla ƙuliƙuli, a tsaye yake shan furarsa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Da an tayar da injin mota, ko ta waye, sai ya katse zance ya waiwaya. Matarsa Rauda takan ce ko a gida tuwo ba ya samun sukunin hucewa a gabansa. Wannan hali ba da shi aka haife shi ba. Yana yaro, tsofaffin unguwa da shi suke yi wa 'ya'yansu misali wajen natsuwa da jin magana, kuma jin maganar nan ne ya ja masa abin da ya same shi.

A shekarun farko na shari'a a Jihar Katsina, lokacin da makarantu ke neman malaman Larabci masu takardar shaida, Zakiyyu ya roƙi mahaifinsa ya bar shi ya tafi wata cibiyar nazarin Larabci a Yamai, babban birnin Nijar. Malam Kalilu ya daɗe bai amsa ba, domin idanunsa sun fara rauni, gona kuma yayan Zakiyyu, Mahdi, shi kaɗai ke riƙe da ita, ga shi an yi masa alkawarin aiki a Kano. Daga ƙarshe tsohon ya tara su biyun ya yanke hukunci: Mahdi zai haƙura da Kano har damina uku. In ta huɗu ta faɗi, Zakiyyu ya dawo ya karɓi fartanya, da takarda ko babu.

Shekara biyu suka wuce lafiya. A ta uku, ana cikin zafin bazara, jarrabawar ƙarshe ta matso, sai saƙo ya iske shi cewa jikin Malam ya tsananta. Ya baro Yamai ba shiri. Allah ya sa tsohon ya sami sauƙi, amma kullum Zakiyyu ya ce zai koma, sai Haulatu ta ce ya bari gobe. Bai iya yi mata musu ba. Sai ana jibi jarrabawa ta sake shi. Da ya tsallaka iyaka ya kwana a tashar Damagaram, ya shiga babbar motar Yamai da asuba, washegari da safe ne za a zauna jarrabawar. Ƙa'idar cibiyar kuwa sananniya ce: wanda bai zauna ba, sai baɗi. Shi kuma ba shi da baɗi.

Tun daga hawa ya fara kurakuran da yau yake hana wasu. Takardunsa na makaranta da sauran guzurinsa duk ya zuba a jakar da aka tura ƙarƙashin mota. Wani dattijo ya zauna kusa da shi, ban da sallama ba abin da ya haɗa su, don Zakiyyu ya kafa kai a littafin nahawu. Ruwa kuma ya ƙi sha tun daren jiya, wai kada fitsari ya matsa masa direba ya ƙi tsayawa. Aka wuce Maraɗi, aka wuce Madawa, rana ta take, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu.

A Birnin Ƙonni aka tsaya domin sallah da cin abinci. Ya haɗa azahar da la'asar irin ta matafiyi, yana sallamewa ya miƙe, sai ƙasa ta juya masa. Bai san faɗuwarsa ba. Da ya farfaɗo, ya tsinci kansa kwance a kan benci a bayan rumfar wata mai fura, Kulu, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a fuska.

"Kwanta, ɗana, kwanta," in ji ta. "Cikinka ba komi sai boko. Bari in damo maka mai sanyi."

Ta shige ciki. Can sai ya ji muryar wani namiji daga bakin tasha, da ƙarfi, har sau biyu: "Kar ya tashi! Kar ya tashi!"

A nan ya kamata a yi bayani. Mutanen Nijar sun ari sunan babbar motar fasinja daga Faransanci, suna ce mata kar. Mai shelar yana sanar da jama'a ne cewa mota ta kama hanya. Masana harshe za su ce zantukan biyu ba ɗaya ba ne, domin a na sanarwa ana jan "ya", a na hani kuwa gajere ne. Gaskiya ne, kuma Zakiyyu ya san kalmar sarai, shekararsa ta uku ke nan a ƙasar. Amma wanda jiri ya ɗiba, harshen da ya sha a nono shi ke fara amsa masa. Abin da kunnensa ya ji shi ne wani babba yana umartar a hana mara lafiya miƙewa. Har ya ɗan yunƙura, sai ya koma ya kwanta, yana gode wa wannan bawan Allah a zuciyarsa.

Kulu ta dawo da kwanon fura, ta ga tasha ta yi fayau.

"Kai, ɗan Najeriya! Ba cikin kar ɗin Yamai kake ba?"

"Ciki nake, Inna. An ce kar in tashi."

"Wa ya ce?"

"Wani daga waje. Ya ce kar ya tashi."

Ta ajiye kwanon ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Kar ɗin ne ya tashi, ɗan nan! Ya tahi! Mi kake jira?"

Ya zabura ko takalmi bai sa daidai ba. Kulu ta ƙwala wa wani mai babur kira, Kabo, ta ce ya bi da shi shingen jandarma na bayan gari, inda ake tsayar da motoci a duba takardun fasinja. Amma sai da ta tilasta masa ya kurɓi furar tukuna.

"Riƙe ni da kyau, malamin makaranta," in ji Kabo. "In ka faɗi, ni ma ce maka zan yi kar ka tashi."

Suka keta gari, suna kauce wa amalanke da awaki. Da suka isa shingen, ba abin da ya rage sai warin hayaƙin mota. Jandarman ya ce ta ɗan jima a nan ana dubawa, kuma da wani ya ce akwai wanda aka bari, da an jira. Ba wanda ya ce. Dattijon da ke kusa da shi ya ga kujera babu kowa, mai yiwuwa ya ɗauka yaron a Ƙonni ya sauka, tun da bai taɓa gaya masa inda za shi ba.

Motar da ya samu da la'asar ta albasa ce. Ya hau kan buhuna, idanunsa na zubar da hawayen da shi kansa bai san na yaji ne ko na takaici ba. Tafiyar hawainiya take yi, ta lalace kafin Dogon Dutsi, aka gyara, ta sake tsayawa a Doso. Duk inda aka tsaya bai zauna ba, sai kai da komo a bakin titi yana ɗaga wa motoci hannu. Hantsi ya dubi ludayi kafin ya shiga Yamai. Ya biya tasha ya karɓi jakarsa, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa sai da katin ɗalibi, shi kuma yana cikinta. Yana isa cibiyar, abokansa na fitowa suna tattauna amsoshi.

Ya roƙi shugabannin, suka tausaya masa, suka ce baɗi. Da ya dawo Zango ya zayyana wa mahaifinsa komai, tsohon ya ce, "Na yi wa yayanka alkawari a gabanka. Magana zarar bunu ce." Zakiyyu ya ce, "To, Baba." Ruwan farko na sauka ya karɓi fartanya, Mahdi ya wuce Kano. Bayan rasuwar Malam Kalilu ne ya buɗe rumfar Kongolam, yana noma da damina, yana karantar da yara Larabci da yamma, ba tare da takarda ba.

Tun daga lokacin, duk ɗalibin da zai tsallaka karatu daga Daura, Zango ko Baure, iyayensa sukan ce ya biya wajen Tsayau. Bara 'yar Mahdi, Siddiƙa, ta sami gurbin karatun jinya a Yamai, ta zo tare da ƙawayenta. Suka zauna a benci, shi yana zagaye su.

"Yaushe za a fara karatu?"

"Litinin, Baffa."

"Yau Alhamis. Madalla. Kullum ki bar wa hanya kwanan rara, hanya ba ta san kina sauri ba. Ina katinki?"

"Yana cikin akwati."

"Fito da shi yanzu, ina kallo. Abin da in ya ɓata kin ɓata, a jikinki yake kwana. Ungo dabinon nan, ba naki ba ne, na wadda za ta zauna kusa da ke ne. Ki gaishe ta, ki gaya mata sunanki da inda za ki sauka."

"In kuma mai ɗaure fuska ce fa?"

"Dabino yana kwance ɗauri. Ruwa kuma ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ki yi azumin da ba lada. In an tsaya, ki yi sallah kusa, ki ci abinci inda idonki ke kan mota, ki haddace launinta da fuskar yaron direba. In ta tafi ta bar ki, ba kuka za ki tsaya yi ba, babur za ki hau zuwa shingen bayan gari. Kuma duk shelar da kika ji a tasha, ko kin ɗauka kin gane, ki tambaya. Hausarsu tamu ce, amma ba duka ba."

'Yan matan suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, don sun san labarin. Wata mota ta yi ƙugi a can gefe, ya juya da sauri har dabino ya zube daga mudu. Siddiƙa ta durƙusa tana tsincewa, ta ɗago ta dube shi.

"Baffa, don Allah, mu ne masu tafiya, kai ba inda za ka. Me ya sa ba za ka zauna ba ko sau ɗaya?"

Ya karɓi dabinon, idonsa na kan motar da ke fita daga tasha, ya ce, "Siddiƙa, sau ɗaya aka ce kar in tashi, na ji magana. Zaman da na yi ran nan ya ishe ni."