Ranar da Alhaji Ya Gane Hanyarsa a Bayan Wata

Na manta abubuwa da yawa na shekarun koyarwata, amma ranar da hoton bayan wata ya raba ni da birnin Sakkwato, har na shiga kabari tana raina.

Zamanin soja ne, kuɗin mai na yawo, kowa ya wayi gari ɗan kwangila. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare wajen Sama Road, ina hangen shugabancin sashe. Aka ce wani babban soja zai zo ganin baje kolin ɗalibai. Shugaban makaranta ya ce in na burge sojan, kujerar tawa ce.

Sai na manna hoton da nake ji da shi: ɓangaren wata da bai taɓa juyowa wajenmu ba, wanda kumbo ya zagaya ya ɗauko. Baƙi da fari, ramuka ne birjik, wani cikin wani, inda duwatsun sararin sama suka faɗa masa. Wani ramin zai haɗiye Sakkwato har da ƙauyukanta. Tsabar zumuɗi, ban rubuta komai a ƙarƙashinsa ba. Wautata ke nan.

Cikin 'yan rakiyar sojan akwai wani Alhaji, tsohon mai hatsi a Ƙofar Atiku, da aka bai wa kwangilar wata hanya bayan Kwalkwalawa. Ya shafa mata kwalta kamar mai shafa man kaɗanya, damina ɗaya ta wanke. Yana ganin hoton sai ya yo kaina. Ya ja ni gefe.

"Malam, mi na yi maka? Wa yas sa ka ɗauki hoton hanyata?"

Na ce, "Alhaji, wata ne fa."

"Wane wata? Ni ban san aikina ba? Ga ramin da tirela tak kafe nan!"

Da ƙarfi ya faɗa, har sojan ya waiwayo. Alhaji ya zube ƙasa: "Ranka shi daɗe, ruwa ne sunka yi yawa bana!"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Sojan ya nuna ni da sandarsa: "Kai ne mai ɗaukar hoton aikin gwamnati?" Na fara bayanin kumbo, ya katse ni: "Wato mu ba mu san wata ba? Kullum muna ganinsa, sumul!"

Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Alhaji ya samu kwangilar gyaran hanyar, ya sayi sabuwar mota. Ni kuwa aka yi min canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ke ƙarshen hanyar tasa. Shekara uku ina faɗawa ramukan a kan babur, har na gane wanda tirela ta kafe a ciki. Gaskiyar Alhaji, sun yi kama da na wata.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan mai nuna rami ake hukuntawa, ba mai shi ba, ko da ramin a wata yake.