Saura Ƙiris a Ramin Dodo

Shekarar da aka turo ni koyar da Turanci a firamaren wani ƙauye da ke bayan Zugu, wato 2001, kalma guda ta hana ni sakat a aji shida. Kalmar ita ce almost. In na ce wa yara ma'anarta "kusan", su rubuta. In na ce "saura kaɗan", su rubuta. Amma ka ce su sa ta cikin magana, sai su zuba maka ido kamar ka tambaye su hanyar Makka. Mutumin da ya fitar da ni kunya ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba. Sunansa Dodo, mai ginar rijiya, kuma a zauren gidansa aka ba ni masauki.

Dattijo ne gajere, ya haura sittin, tafin hannunsa da kaushi kamar dutsen niƙa. Tun yana saurayi yake shiga ƙasa, daga Gummi har Anka. A wannan yanki rijiya sunan wanda ya taɓo ruwa take ci, kuma Rijiyar Dodo ta kai goma sha ɗaya a garuruwan mutane. A garinsu kuwa babu ko ɗaya, don akwai shimfiɗaɗɗen dutse a ƙarƙashin garin. Da rani mata sai sun je gulbi sun tone yashi. Matarsa Hawwa'u na cikinsu, da tulu a ka, da furfurarta. Wannan abu shi ke cin Dodo, kuma bai ɓoye ba. Yakan ce ba ya son ya mutu bai bar rijiya mai sunansa a garin ubansa ba.

Wata rana da la'asar na kai masa kukana game da yaran nan. Ya saurara yana gyaran ƙotar dagi, ƙarfen da yake sarar ƙasa da shi.

Ya ce, "Malam, wanga abu ai mu ka aiki da shi. In ƙasa ta sake launi, sai in ce an kusa. Ba alkawari ba ne, ana iya ƙara wata guda. In ta yi sanyi ga hannu, in ce saura kaɗan. In na dunƙule ta ta riƙe, ta bar mini danshi ga tafi, to, saura ƙiris. Amma duk cikinsu babu mai kashe ƙishirwa."

Washegari na shiga aji da dunƙulen ƙasa uku. Na ce musu almost ita ce ƙasar da ta jiƙa hannu amma guga bai ɗauko komai ba: abu ya zo dab, bai dai auku ba. Wallahi kafin a tashi tara kowa ya yi jimla. Shekara huɗu na yi a kwaleji ba a koya mini haka ba.

A bayan kakar wannan shekarar Dodo ya soma ramin. Ya zaɓi gindin wani ɓaure a gabas da gari. Shi ke ciki, ƙanensa Makau, wanda shi ma ya ba hamsin baya, ke jan igiya yana fitar da ƙasa. A zurfin gaba bakwai suka tarar da dutsen. Mako biyar Dodo yana sararsa, wata rana abin da za a fitar bai cika kwando biyu ba. A ƙarshe ya fasa dutsen. A gaba goma sha biyu ya fito ya ce an kusa.

To, ka san mutanenmu. Akwai 'yan zaman gindin bedi, wato dogon yaro, da ba su taɓa ɗaga ko kwando ɗaya ba, amma bakinsu ya fi dagin kaifi. Sati ya wuce, biyu suka wuce, sai suka fara: "Baba Dodo, yau ma an kusa?" Wani har ya ce a ajiye masa kofi ɗaya in jikansa ya girma. Abin ya ƙona mini rai, na taɓa tanka musu har aka ce baƙon malami ya cika zafi. Dodo bai taɓa amsa su ba. Shi dai ba ya faɗin abin da ƙasa ba ta faɗa masa ba. Kwana ashirin yana kan "an kusa" kafin ya koma "saura kaɗan".

Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kowa ya san in ruwan sama ya sauka ba a ɗaure bakin ramin ba, zai rufta, aikin wata biyar ya tafi a banza.

Ran wata Laraba da hantsi Dodo ya aiko da dunƙulen ƙasa cikin kwando, ya ɗaga murya ya ce wa Makau, "Saura ƙiris." Kafin azahar Makau ya daina jin sara. Ya kira, shiru. Da aka fito da Dodo yana numfashi, amma hannu da ƙafarsa na hagu sun daina jin magana.

Mai gari ya yi kawaici kwana huɗu. A na biyar aka yi yayyafi, sai ya aika Gummi aka ɗauko wani mai ginar rijiya, Dikko, magidanci ɗan shekara talatin da wani abu. Ban ga laifin mai gari ba, gari guda ke jiran ruwa. Dikko kuma ya san girma, don zauren Dodo ya fara zuwa ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, mi ya rage?"

Dodo ya ce, bakinsa a karkace, "Kamu biyu. Ka bi ɓangaren ɓauren."

Yini ɗaya da rabi Dikko ya yi. Kamu biyu cif, ruwa ya ɓullo, garai-garai.

Da yamma mai gari ya zo zauren da ƙwarya cike da ruwan rijiyar, Dikko da Makau da dattawa na biye, har da 'yan gindin bedin nan, kowa ya sunkuyar da kai. Makau ya tallafi wansa ya sha. Sai Dikko ya ce shi bai gina rijiya ba, ƙarasawa ya yi, a kira ta Rijiyar Dodo. Kowa ya ce haka ya dace. Ni har na fara hamdala a zuciyata.

Dodo ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Rijiyata ta fari, ta Adabka, wani tsoho ne mai suna Sanda ya kai ta gaba tara, ciwon ƙafa ya kayar da shi. Anka kira ni, na yi kwana guda na taɓo ruwa. Babu wanda ya ce a sa sunan Sanda, ni ma ban ce ba. Murna nika yi. Shekara arba'in ina cin wanga suna. Yau da abin ya zo kaina ba ni sake doka."

Dikko ya buɗe baki, Dodo ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Aka yi addu'a aka watse. Na ji tausayinsa har na kasa cin tuwo, na kuma ji haushinsa, don da ya yi shiru da an ba shi abin da ya fi so a duniya.

Kwana uku mutanen gari suna kauce wa sunan, kowa sai ya ce "sabuwar rijiya". A rana ta huɗu da safe ina zaure ina duba littattafan yara, Dodo na kwance kan tabarma. Hawwa'u ta fito da guga. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ta kan katanga ina za ta. Ta tsaya, ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta, ya gyaɗa mata kai.

Ta ce, "Rijiyar Dikko za ni."

Dodo ya juya fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa tana rawa, sai na tattara littattafaina na fita waje.