Zuwaira, Matar Maza Biyu

Zuwaira 'yar garin Tajaye ce. A shekarar yunwa ta tamanin da huɗu mijinta Hamani ya tafi ci-rani Najeriya, ya bar ta da jaririya a goye. Jaririyar ba ta kai damina ba. Daga baya wasu 'yan ci-rani suka dawo da labari cewa mota ta kashe Hamani a Ikko. Zuwaira ta yi takaba, ta gama, ta bi ayarin masu neman abinci har Malbaza.

Can ta samu aikin daka a gidan Rabo, wani Kirista mai dakon buhunan siminti, wanda matarsa ta rasu. Uwar Rabo ce ta fara jan ta zuwa majami'a, wani ɗan ɗakin laka mai rufin kwano a bayan tasha. Ranar farko Pasto Ado ya yi wa'azi cewa ikilisiya, wato jama'ar masu bi, amarya ce, Almasihu ne angonta, ya wanke ta, ya sa mata farin kaya, ba tabo a jikinta. Zuwaira ba ta gane komai ba sai wannan. Ta tambayi tsohuwar a hanya: "Inna, har da irina cikin amaryar?" Tsohuwar ta ce har da ita.

Da aka yi mata baftisma, yayyenta suka aiko cewa kada ta sake taka Tajaye. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta auri Rabo a gaban jama'a. Matan zumunta suka ɗinka mata farar riga. Ta haifi 'ya mace, Mariyama. Ita ke sharar majami'a, ita ke buga tulu in ana waƙa, kuma kowace shekara kafin Ista takan shafe bangon da farar ƙasa har tafin hannunta ya tsattsage.

Mariyama na da shekara biyar, wata ranar kasuwa, Hamani ya yi sallama a ƙofar gidan Rabo. Ya rame, yana ɗingishi, amma shi ne. Motar ta karya shi kawai, ya yi jinya, ya zauna can ya yi wani aure. Zuwaira ta fito da muciya a hannu, ta gan shi, ta zauna a ƙasa.

"Ban sake ta ba," in ji Hamani ga Rabo. "Matata ta."

Dattawan ikilisiya suka zauna a kan maganar. Wakili, babbansu, mai shago a bakin titi, shi ya fi zafi. Ya ce mutanen gari sun daɗe suna cewa Kirista na sace matan mutane, ga shi yanzu an ba su abin faɗi. Amaryar Almasihu, in ji shi, miji ɗaya gare ta, kuma ba a barin tabo a rigarta. Pasto Ado ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Suka yanke cewa auren Rabo ba aure ba ne. Suka ce Zuwaira ta fita daga gidan, ta koma bencin baya a majami'a, ba ta cin gurasar Jibin Ubangiji sai an warware.

"Baba Pasto, kai ka ɗaura shi," ta ce. "Mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

Rabo ya kwashe mata kayanta da hannunsa, yana kuka, ya kai su ɗakin wata mai tuwo a tasha. Mariyama ta zauna wurin ubanta.

Zuwaira ta hau amalanke har Tajaye, ta durƙusa gaban Hamani, ta roƙe shi ko ya ɗauke ta ko ya sake ta. Yana zaune bisa tabarma yana gyaran kalmensa na noma. Ya ce ba ya zama da wadda ta bar salla, kuma ba ya sakinta don wani ya ji daɗi. Yayyenta suna jin muryarta daga zaure, ba wanda ya leƙo. Ta sake komawa da kaka, ta sake komawa da rani, amsar ba ta sauya ba.

Ta zauna a tasha tana wanke kwanonin direbobi. Lahadi takan zo da wuri, ta yi shara, ta koma bencin baya. In an zo da gurasa da ƙoƙo, mai rabo yakan tsallake ta. Tulun waƙa aka ba wata. Mariyama takan waigo ta dube ta, kakarta ta juyar mata da kai.

Bayan shekara biyu dattawa suka ce bai kamata Rabo ya zauna haka ba, tunda a wurinsu gwauro ne. Suka samo masa Bilkisu, 'yar ƙanwar Wakili. Zuwaira ce ta share majami'a ranar bikin. Ta zauna a baya ta ji Pasto Ado yana karanta wa sababbin ma'aurata zancen ango da amarya, bai ko dubi inda take ba.

Labarin bikin na isa Tajaye, Hamani ya kira shaidu ya sake ta, ya aiko direba ya faɗa mata. Ta bar kwanoni cikin ruwa ta ruga shagon Wakili, ƙafa ba takalmi.

"Baba, ya sake ni. An warware."

Wakili ya ce madalla, Lahadi mai zuwa za ta ci Jibi. Ta tambaya, mijinta fa, da ɗiyarta? Ya ce Rabo yana da mata yanzu, Kirista kuwa ba ya yin biyu.

Lahadin ta zo, aka miƙo mata gurasa, ta karɓa, ta ci. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta kira Mariyama. Yarinyar ta gaishe ta kamar baƙuwa, ta ruga ta kama zanen Bilkisu. Zuwaira ta ƙara shekara uku a tasha, tari ya kama ta, ta rasu da damina ta casa'in da bakwai. Yayyenta ba su zo ba. Rabo ne ya haƙa kabarin, Bilkisu ta dafa wa masu zaman makoki abinci.